Duban Ƙarshe Kafin a Miƙa wa Mai Kaya Tallarsa

Kamfanin talla da ke aiki a Katsina ya kamata ya ware lokacin duban ƙarshe, kuma mai duban kada ya zama wanda ya tsara aikin, domin idon da ya saba da rubutu yakan tsallake kuskuren da ke gabansa.

A fara da haruffa masu lanƙwasa. Wasu salon rubutun kwamfuta ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai su mayar da su ɗan akwati ko su sauke lanƙwasar, alhali "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne. Na taɓa ganin allo kusa da Ƙofar Ƙaura mai ɗauke da irin wannan kuskure, raina ya ɓaci, domin kuɗin mai kaya ne ya tafi.

Lambar waya kuwa, a ƙirga ta cika 11, sannan a kira ta a ji wanda zai ɗauka. Farashi ma a gwada shi da takardar da mai kaya ya bayar.

Launin da ake gani a waya na tsarin RGB ne (haɗa hasken ja, kore da shuɗi), injin buga takarda kuwa da CMYK (haɗa tawada kala huɗu) yake aiki, launin yakan bambanta, saboda haka a buga samfuri ɗaya a duba shi da hasken rana. Idan tallar abinci ce ko magani, a tabbatar da lambar NAFDAC, kuma dokar talla ta 2022 ta wajabta samun amincewar hukumar ARCON, mai kula da harkar talla a Najeriya, kafin a saki talla. Bayan haka a nuna wa mai kaya, ya amince a rubuce kafin a kai maɗaba'a.