Shawara ga masu ƙaurowa Kano daga wata jiha

Salam 'yan uwa. Dan Allah duk wanda zai taso da iyalinsa daga Zamfara ko Katsina ko Sakkwato ya dawo Kano, kar ka sauke kaya ka shige gida ka kulle ƙofa kawai. Wallahi mutanen unguwa ba ƙinka suke ba, tsoro ne, tunda matsalar 'yan bindigan nan ta yi yawa kowa ya ga baƙuwar fuska sai ya fara tambaya waye wannan, me yake yi, daga ina.

Ranar farko ka ce wa mai gidan da ka kama haya ko dillalin ya raka ka wajen mai unguwa, ka faɗi sunanka da garinku da sana'arka, in kana da katin NIN ka nuna masa. Ni da muka dawo Rijiyar Zaki haka nai, ko minti 20 ba mu yi ba, amma daga ranar dattijon nan in ya hango ni shi yake fara ɗaga min hannu.

Sannan masallacin layinku, ka riƙa tsayawa bayan sallar asuba ana gaisawa, a nan ake sanin mutum. In an zo karɓar kuɗin 'yan sintiri ka bayar ba gardama. Uwargida kuma ta shiga maƙota ta ce ga baƙi sun zo, ko da ɗan ƙuli-ƙulin tsaraba ne ta riƙe. In an yi rasuwa a layin ka je zaman makoki ko ba ka san mamacin ba, wannan kam kar ka bari ya wuce ka.