Yadda na gyara laptop ɗina mai mutuwa ta tashi da kanta

Sati biyu laptop ɗina tana wahalar da ni. Ina tsakiyar aiki sai allo ya yi baƙi, ta sake tashi. Na zargi bairos, amma Windows Defender, manhajar da ke farautar bairos, bai ga komai ba. Na canza caja, na hure ƙurar hunturun da ta toshe fanka, duk a banza.

Ga abin da ya yi aiki. Na danna maɓallan Windows da R tare, na rubuta sysdm.cpl, na shiga Advanced, sannan Settings na Startup and Recovery, na cire alamar da ke kan Automatically restart, don ta daina tashi da kanta in ga saƙon matsalar. Da ta sake yi, sai ta tsaya a shuɗin allo da rubutun MEMORY_MANAGEMENT. Ashe RAM ce, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Na gwada mdsched.exe, manhajar Windows mai gwada RAM, shi ma ya nuna matsala.

Na kashe ta, na zare caja da batir, na buɗe bayanta. RAM biyu ne, kowace 4GB. Na goge haƙoransu da magogin fensir, na gwada su ɗai-ɗai. Ɗaya lafiya lau, ɗayar ko minti 10 ba ta kai ba. Na sayo irinta, DDR4, na saka.

Yau kwana 6 ko gezau, alhamdulillahi.