Yadda ake tantance ciwon waswasi bisa ƙa'idar likitoci

Kafin a ce waswasi ya zama ciwo, abu biyu ake dubawa: tunanin da ke faɗo wa mutum, da abin da yake yi don ya huta da shi. Haka kundin DSM-5 na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya tsara. Kundin cututtuka na ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya ma ya ba ciwon lamba 6B20.

Fara da tunanin. Waswasi tunani ne, ko hoto a zuci, ko wani abu da ke ingiza mutum, wanda ke zuwa ba a gayyace shi ba, ya tafi ya dawo, mai shi kuwa yana ƙoƙarin ture shi. Uwa tana riƙe da wuƙa, sai ta ga kamar za ta soki jaririnta, gabanta ya faɗi, ta ɓoye wuƙar. Wannan firgicin shi ne alama, domin tunanin ya saɓa wa duk abin da take so.

Sai aikin dole: wanke hannu har fata ta tsage, ko komawa duba makulli sau goma. A nan ake yawan kuskure, saboda wani aikin ido ba ya ganinsa, kamar ƙirga a zuci ko maimaita kalma. Don haka, kai mai duba mara lafiya, ka tambaye shi a hankali: "Idan tunanin ya zo, me kake yi a ranka?" Aikin yakan kawo ɗan sauƙi, kuma sauƙin ne ke sa a sake.

Daga nan auna nauyin ciwon. Ƙa'ida ita ce ya cinye fiye da awa 1 a rana, ko ya jawo ƙunci mai tsanani, ko ya hana aiki da zama da mutane. Ma'aunin Y-BOCS mai tambayoyi 10 yana ba da maki daga 0 zuwa 40.

Ware damuwa kan bashi ko aiki, ware abin da ƙwaya ko wata cuta ta haddasa, domin waɗannan ba ciwon waswasi ba ne. Tara tarkace, tsige gashi da tsinkar fata dangin ciwon waswasi ne, amma kowane da sunansa.

Rubuta kuma matakin fahimtar mara lafiyar: ya san tsoron ba gaskiya ba ne, yana zaton wataƙila gaskiya ne, ko ya gaskata shi ɗungum. Ko a mataki na ukun, ciwon waswasi ake rubutawa, muddin sauran alamomin sun tabbata.