Yadda na gyara yoyon ruwa da warin gas a motar girki

Motar da muke girkin biki a cikinta, in mun taso daga Gombe, kafin Alkaleri ƙasanta ya jiƙe sharkaf, ga warin gas kaɗan-kaɗan. Na zargi tankin ruwa, mai walda bai ga huji ba. Na sauya regileta, wato abin da ke daidaita fitar gas a kan tukunya, wari na nan.

Ashe yoyon, ƙaramin injin da ke turo ruwa daga tanki zuwa famfo ne, mai 12 volt. Da kansa yake tashi da zarar matsin ruwa ya ragu. Girgizar hanya ta sassauta kilif ɗin tiyo a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, shi kuwa yana ta turo ruwa, ƙarar mota ta hana a ji. Gas kuma, na shafa ruwan sabulu a mahaɗai, kumfa ta taso daidai bakin murhu.

Na ɗaure kilif biyun tamau, na tiyon ruwa da na tiyon gas. Yanzu kafin mu tashi, sai in rufe tukunyar gas mai 12.5kg daga kanta, in bar murhu yana ci har wutar ta mutu, sannan in kashe shi. In kashe makunnin inji, in buɗe famfo ragowar ruwa ya tsiyaye. Tukunya kuwa a tsaye, ɗaure da bel. Mun isa Bauchi a bushe, alhamdu lillahi.