Kafin ku shiga sansanin Elmina

Jama'a, duk wanda tafiya ta kai shi Ghana zai leƙa sansanin Elmina, tsohon ginin Turawa inda aka tsare bayi, don Allah ya je da sassafe kafin rana ta take. A sa takalmi mara santsi, akwai hawa da sauka.

Kada ku zaga ku kaɗai, ku bi ɗan jagora. Turawan Fotugal suka gina sansanin a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. In ba a yi muku bayani ba, bango kawai za ku gani. Ɗakunan da aka tsare bayi kuwa akwai duhu da ƙarancin iska, wallahi zuciya sai ta karaya. Mai ciwon asma ya riƙe maganinsa, kuma a nemi izini kafin ɗaukar hoto.