Abin da za ka duba kafin ka sayi tsohuwar konsatina

Konsatina 'yar ƙaramar kayan kiɗa ce mai zugazugi a tsakiya da maɓallai a gefe biyu. A Ingila Charles Wheatstone ya ƙirƙiro ta, kuma tsofaffin da ake nema har yau na kamfaninsa ne, da na Lachenal, Jeffries da Crabb.

Ka fara sanin irin da kake so. Samfurin English mai maɓalli 48 kowane maɓallinsa sauti ɗaya yake bayarwa, ko ka ja ko ka matsa. Anglo kuwa kowane maɓalli sauti biyu gare shi. Idan kana hangen sayarwa wata rana, nemi Anglo mai maɓalli 30 a kan C/G, wato wadda aka saita layukan maɓallanta a kan sautin C da na G, domin ita makaɗan gargajiyar Ayalan ke rububi, musamman ta Jeffries. Mai maɓalli 20 ta Lachenal ta ishi mai koyo, amma ba jari ba ce, sun yi yawa a kasuwa.

Darajarta tana cikin harsunan da ke fitar da sautin. Na baƙin ƙarfe sun fi na tagulla amo da saurin amsawa, sun kuma fi tsada. A buɗe maka ka gani. Tsatsa sama-sama tana gogewa, amma harshen da wani ya kankare har ya sirance ya tafi ke nan. Tambayi kuma ko an daidaita ta da ma'aunin tsayin sauti na yau, wanda ake kira 440, don da yawa suna kan tsohon ma'auni mai ɗan tsayi, kuma gyara harsuna 60 na Anglo mai maɓalli 30 ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin kuɗi.

Riƙe gefe ɗaya ka bar ta ta rataya ba tare da taɓa maɓalli ba. In zugazugin ya buɗe da sauri, iska na zuba, ko daga kusurwoyin fata ko daga matosan da ke rufe ramukan iska. Wannan da sauƙi, ana sake su. Katakon ciki da ya lanƙwashe ne babbar matsala.

Lambar jikin Wheatstone ana iya bin ta a littattafan kamfanin da ke gidan tarihi na Horniman a Landan. Mai maɓallan hauren giwa kuwa, dokar CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, na iya tsare ta a kan iyaka.

In za ka kawo ta arewa, bushewar hunturu tana tsaga katako. Ajiye ta cikin akwatinta a kwance, zugazugin a matse.