Kurakuran da muke yawan yi game da rubuce-rubucen duniya, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya duba takardar naira dubu zai ga wani rubutu da ake karantawa daga dama zuwa hagu. Mutane da yawa, har da masu ilimi mai zurfi, cewa suke yi Larabci ne. Alhali Hausa ce tsantsa, an rubuta "naira dubu" da ajami. Balaraben da ba ya jin Hausa zai iya haɗa baƙaƙen, amma ba zai san abin da aka ce ba. Wannan shi ne babban kuskuren da sauran suke fitowa daga cikinsa, wato ɗaukar rubutu a matsayin harshe.

Harshe ɗaya yana iya samun rubutu biyu, kamar yadda Hausa take da ajami da boko. Turkawa sun daɗe suna rubutu da baƙaƙen Larabci, a 1928 gwamnatin Mustafa Kemal Ataturk ta mayar da su kan haruffan Latin, kuma Turkancin nan dai suka ci gaba da yi a gida da kasuwa. Mai jin Hindi da mai jin Urdu suna hira su fahimci juna, amma ɗaya yana rubutu daga hagu da haruffan Debanagari, ɗayan kuma daga dama da baƙaƙen da aka aro daga Larabci ta hanyar Farisanci. Gyaran mai sauƙi ne. In ka ga rubutu, yi tambaya biyu daban: da wane irin rubutu aka yi shi, kuma wane harshe ne a cikinsa?

Kuskure na gaba ya fi cutarwa, domin mai yin sa yana zaton ya iya. Shi ne ganin harafin da ka sani a rubutun wasu, sai ka ba shi sautin da ka saba. A Rashanci, Р sautin "r" ne, С kuma "s", Н kuwa "n". Ko a cikin haruffan Latin ma babu tabbas. Harafin c da muke rubuta "ciniki" da shi, a Turkanci "j" ake furta shi, a Somaliyanci kuma ainun ɗin Larabci yake wakilta. Bahaushen Najeriya da ya ga an rubuta Tahoua ko Ousmane a Nijar, ya kamata ya san ƙa'idar Faransanci aka bi, inda "ou" ke tsaya wa "u" ko "w".

Haka abin yake ga ajaminmu, kuma nan ne na fi damuwa, saboda akwai waƙoƙi da wasiƙun magabata da ake karanta su a karkace. Wanda ya tashi da Alƙur'ani bugun Madina na riwayar Hafs ya saba da fa mai ɗigo ɗaya a sama, da ƙaf mai ɗigo biyu. A rubutun makarantun allo, wanda ya bi salon Magrib da riwayar Warsh, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Wanda bai san haka ba, duk inda aka rubuta ƙ sai ya karanta f. Sannan malamanmu sun ba wasu baƙaƙe sabon aiki don su ɗauki sautukan da Larabci ba shi da su: ث ya zama c, غ ya zama g, ط ya zama ɗ, ga kuma babban ɗigon imala a ƙarƙashin baƙi don wasalin "e". Iya Larabci kaɗai bai isa ba. A nemi malamin da ya saba da rubutun, a karanta shafi biyu ko uku a gabansa kafin a fara juya takarda zuwa boko.

Lambobi ma suna yaudara. Alhajin da ya je kasuwa a Makka ya ga ٥ kada ya ce sifiri ne, biyar ce. Sifirinsu ɗigo ne, shidarsu kuma ٦ ta yi kama da bakwai ɗinmu. Duk da rubutun daga dama yake tafiya, lamba daga hagu ake jera ta.

Akwai kuma zaton cewa kowane rubutu abacada ne, baƙi da harafinsa, wasali da nasa. Ba haka ba ne, kuma wanda ya fara koyo da wannan zato zai sha wahalar banza. Larabci da Ibrananci baƙaƙe suke rubutawa, su bar gajerun wasula ga mai karatu, shi ya sa jaridar Larabci ba ta da wasali. A rubutun Habasha alama ɗaya tana ɗauke da baƙi da wasalinsa tare, kowane baƙi yana da siffa 7, kamar ሙ "mu", ሚ "mi", ማ "ma". Rubutun Sin kuwa ana yawan cewa hotuna ne, kowane hoto da kalmarsa. Waɗanda suka samo asali daga hoto kaɗan ne. Mafi yawan alamomin kashi biyu ne a haɗe, ɗaya yana nuni ga ma'ana, ɗaya ga furuci. Alamar uwa, 妈, ta ƙunshi 女 mai nufin mace, da 马 mai nufin doki, kuma dokin ya shigo ne kawai don ana kiransa "ma". Wanda ya gane wannan tsari ya rage wa kansa rabin hadda.

Ana kuma haɗa Sin da Japan da Koriya a ce rubutunsu ɗaya. Japanawa suna gauraya alamomin Sin, waɗanda gwamnati ta ware 2,136 don amfanin yau da kullum, da wasu jerin alamomin gaɓa guda biyu masu 46 kowanne. Hangul na Koriya kuwa abacada ce da Sarki Sejong ya fitar a 1446, mai harafi 24 a yau, sai dai ana tara haruffan kowace gaɓa wuri ɗaya, daga nesa su yi kama da alamar Sin. Don haka kafin ka fara koyon wani rubutu, binciki abin da alama ɗaya take wakilta, sauti ne, gaɓa ce, ko kalma.

Masu cewa Afirka ba ta san rubutu ba sai da Turawa suka zo, su tambayi Buzayen Agadas game da Tifinag, su dubi rubutun Bai na Laberiya tun wajajen 1830, da wanda Sarki Njoya na Bamum ya ƙirƙira a Kamaru, da N'Ko da Sulemana Kante ya tsara a 1949.

Bokonmu ma yana barin abubuwa ga mai karatu. Ba ma rubuta karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke fitowa iri ɗaya, sai jimla ta raba su. Wannan ƙa'ida ce, ba laifin kowa ba. Laifi shi ne mu ƙara wa mai karatu nauyi ta hanyar zubar da ɓ da ɗ da ƙ, har "baƙi" ya koma "baki", "ɗaiɗai" ya koma "daidai", "ƙafa" ta koma "kafa". A da ana fakewa da cewa na'ura ba ta da su. Yanzu a shiga saitin Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, a ƙara Hausa cikin harsuna, baƙaƙen masu ƙugiya za su samu, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar a inda Najeriya take sa 'y.